Gidan motsa jiki a Maradi: na biya don injuna, ribar ta fito daga kwano

Wanda yake neman amsa a gajarce, ga ta: gidan motsa jikin da nake zuwa tun bayan sallar layya ya cancanci jika goman da suke karɓa a wata. Sai dai injunansu ba su ne suka ci kuɗin ba. Injunan tsofaffi ne, ƴan gwanjo, biyu na gudu, kekuna uku, sai ƙarafan ɗagawa da tsatsa ta fara lasa. Abin da ya ci kuɗin shi ne yaron da ke horar da mu.

Ni ɗan kasuwa ne, zaman shago nake yi a Babbar Kasuwa daga safe har la'asar sakaliya, kuma ko masallacin da ke bayan layinmu da babur nake zuwa. Ranar da na yi rajista, kafin yaron ya bar ni in taɓa ko da keke, sai da ya ɗora ni kan ma'auni, ya auna tsawona, sannan ya ciro igiyar awo irin ta tela ya zagaya mini ciki daidai cibiya. Kilo 92, tsawo mita 1.74, ƙugu santimita 104. Ya raba nauyin da tsawon a wayarsa, ya sake raba abin da ya fito da tsawon, lissafi ya ba da 30 da ɗoriya. Ya ce a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce sosai, kuma namijin da ƙugunsa ya wuce 102 ya matso kusa da hawan jini da ciwon sukari. Mu da muka tashi muna jin ana yi wa mai tumbi kirarin "Alhaji ya ji daɗi", maganar ba ta da daɗin ji.

Daga nan ya zaunar da ni ya ce, "Alhaji, faɗa mini abin da kuka ci jiya, tun daga asuba." Na lissafa: shayi mai madara da burodi wurin mai shayi, ƙosai da hantsi, shinkafa da wake da mai da yaji da azahar, fura mai sukari da lemun kwalba mai sanyi saboda zafi, tuwo da dare, sannan shayin fada zagaye uku bayan isha'i. Bai yi dariya ba. Ya ce lissafi ne irin na shagona, abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma shigar tawa ta fi fitar nesa ba kusa ba.

A nan ne na ji abin da ya fi tsaya mini a rai. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kalori kusan 140 ke nan, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mutum mai jiki irin nawa sai ya yi kusan rabin awa yana tafiya da sauri kafin ya ƙone wannan, abin da ya kwankwaɗe cikin minti biyu. Mai ya fi haka ɓarna, don giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na hatsi ko na nama maras kitse bai wuce 4 ba. Babban cokali guda na man gyaɗa ya kai kalori 120, kuma kowa ya san hannun mai shinkafa da wake ba ya tsayawa a cokali guda in ta ga Alhaji. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa ya kai kalori 7,700. Wanda ya yi niyyar narkar da shi da zufa kaɗai, baki na nan yadda yake, zai daɗe yana taka keke.

Bai hana ni tuwo ba, kuma wannan ne ya sa na riƙe shi da daraja. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru. Fura tana nan, da nono, ba sukari. Da rana kwaɗon zogale, wanda Jiratawa ke cika mana kasuwa da shi, a sa ƙuli amma a rage mai, ko wake, ko gasasshen kifi in an samu na Madarumfa. Shayin fada ne muka yi ta ja-in-ja a kai. Hukumar Lafiya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kusan giram 50 a yini, ƙaramin cokali goma sha biyu ke nan, in an tsaya a rabin haka ya fi. Duk wanda ya taɓa kallon yadda ake ɗura sukari a buta zagaye na biyu ya san an wuce nan tuni. Muka daidaita a kan zagayen farko kawai, mai ɗaci. Abokan fada sun yi mini tsiya har suka gaji.

To in abinci ne mai aikin, me ya kai mutum ɗaga ƙarfe? Na tambaye shi haka. Ya ce mai rage ci ba motsi yana zubar da tsoka tare da kitse, jiki ya saki, ƙarfi ya ragu, kuma ranar da ya koma ci sai nauyin ya dawo da sauri. Motsi shi ke riƙe tsokar, ya taimaka wa jini da sukari su daidaita, ya hana abin da ya sauka komowa. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2020 ita yake bi da mu: minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ya kuma ce rabin kilo zuwa kilo guda a mako ya isa, mai yi maka alkawarin kilo goma a wata aljihunka yake so. Zuwa shigowar ɗari na sauke kilo shida, barci ya gyaru, ruku'u da sujada sun daina zame mini aiki.

Aibin gidan ba kaɗan ba ne. Takardar abinci da suke rabawa a ƙofa daga intanet aka kwaso ta, cike da tufa da cukun Turawa da wasu ganyayen da ko a Yamai sai an sha nema. Da ba don yaron ya ajiye ta ya yi magana da abincinmu ba, da ta tafi ƙunshin tsire. A teburin karɓar kuɗi kuma ana sayar da wani shayin "narkar da tumbi", wanda shi kansa mai horarwar ya raɗa mini cewa gudawa kawai yake sawa. In an ɗauke wuta injunan gudu sun mutu, fanka ta tsaya, ɗakin ya zama ba ya shiguwa. Ban san yadda za su yi da zafin Afrilu da Mayu ba. Ba wanda ya auna mini jini kafin in fara, alhali galibinmu mun haura arba'in. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara biyawa ta asibiti. Uwargida ta so ta shiga, amma lokacin mata ɗan taƙaitacce ne da hantsi, daidai sa'ar girki, kuma babu mace mai horarwa.

Na sabunta rajista saboda ƙarafan da kuma yaron. Tafiyar kuwa na maida ta filin wasanni bayan sallar asuba, inda ba a karɓar ko dala. In yaron ya bar gidan, wanda na ji ana raɗe-raɗin wasu na zawarcinsa, ni ma ba zan ƙara biya ba.