Sikanata ta dawo aiki, amma haushin mai gyaran bai bar ni ba

Da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, na san babu sauran jan ƙafa. Tsohuwar kwamfutata ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke nema, kuma nau'in 32-bit ne a kanta, ita kuwa Windows 11 babu mai 32-bit gaba ɗaya. Sai na sayi sabuwa, na kira wani mai gyara da aka yaba mini shi, ya kwashe mini kayana daga waccan zuwa wannan. Aikinsa nake son in yi magana a kai.

Abu biyu na nuna masa tun kafin ya zauna. Sikanata, wadda nake amfani da ita kusan shekara ashirin, da wata 'yar manhajar lissafi ta zamanin Windows 3.1 da nake rubuta shige da ficen aikina a ciki. Tsohuwa ce tukuf, sunan fayil ma ba ta karɓar wanda ya wuce harafi 8, amma hannuna ya saba da ita har ba na duban allo idan ina shigar da lamba. Ya ce, "Baba, kada ka damu, komai zai tafi." Ko buɗe manhajar bai yi ba.

Washegari na jona sikana, fitilarta ta kama, kwamfuta ta yi kamar ba ta ga kowa ba. Na latsa manhajar lissafi, sai ga saƙo wai ba za ta yi aiki a wannan kwamfutar ba. Na gwada wurin nan da ake sa Windows ta ɗauki manhaja kamar ana kan tsohuwar Windows XP, duk a banza. Daga baya na gane dalili: manhajar 16-bit ce, kuma Windows mai 64-bit ba ta gudanar da irinsu ko kaɗan, sai mai 32-bit ce ke da ɓangaren da ke ɗaukarsu. Ita ma sikanar, direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, na 32-bit ne, kamfanin da ya ƙera ta kuma ya daɗe da mantawa da ita. Na kira yaron nan raina a ɓace.

To a nan ne ya ba ni mamaki, gaskiya. Na zaci zai ce in sayi sabuwar sikana, kamar yadda kowa ke faɗa. Sai ya dawo da yamma, ya tambaye ni ko ina da tsohon faifan XP da lambarsa. Ina da shi a cikin wani kwali. Ya shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, ya kunna VT-x, wanda ke ba ta damar gudanar da wata kwamfuta a cikinta, ya sauke VirtualBox, wadda kyauta ce, ya girka XP a cikinta, wato kwamfuta a cikin kwamfuta. Ina tsaye a bayansa wannan koren tudu da shuɗin sararin sama suka bayyana a wata 'yar taga, har da sautin buɗewar nan da na manta da shi. Sannan ya sa VirtualBox ta ƙwace kebul ɗin USB na sikanar ta miƙa wa XP kai tsaye. Ya girka tsohon direban, na ɗora takarda, na latsa. Da na ji wannan gurnanin nata, fitila na tafiya a hankali ƙarƙashin gilashi, wallahi dariya na yi ni kaɗai kamar yaro. Ya buɗe mini wata jakar fayil da XP da Windows 11 ke gani tare, duk abin da na ɗauka sai ya faɗa can. A daren nan har na fara ba mutane lambar wayarsa.

Sai da na buɗe manhajar lissafin a cikin XP ɗin. Ta buɗe lafiya lau, amma wayam, babu ko layi ɗaya. Irin waɗannan tsofaffin manhajoji ba sa ajiya a Documents, a cikin jakarsu ta kansu suke zuba komai, shi kuma Documents da hotuna kawai ya kwashe, manhajar ma daga faifanta na asali ya girka ta. Na ce to a koma tsohuwar kwamfuta a ɗauko. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce ai ya riga ya goge ta tun ranar farko, don na ce zan ba ɗana. Na ce zan ba shi, ban ce a goge kafin in gwada komai ba! Allah ya taimake ni akwai kwafi a wani filashi, amma na watan Yuli ne. Rasit na wata uku na bi ɗaya bayan ɗaya ina sake shigarwa, mako biyu ina wannan aikin da dare.

Akwai kuma wani abin da sai da ƙanena ya lura. Ya bar XP ɗin a jone da intanet, manhajar da rabonta da sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun Afrilun 2014. Danna ɗaya ne a saitin VirtualBox a cire mata hanyar sadarwa, kuma ba ta buƙatarta don sikanin ko lissafi. Wanda ya iya haɗa duk wancan bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Yanzu kullum sai na kunna XP tukuna, in jira ta gama tashi, sannan in jona sikanar, in ba haka ba wani lokacin sai na zare na sake jonawa. Na saba. Wata maƙwabciyata ta tambaye ni ko ta ba shi tata kwamfutar, tana da tsohuwar firinta. Na ce, "Hajiya, ki ba shi, ya iya aiki. Amma tsohuwar ki kulle ta a ɗaki, kada ya taɓa ta sai kin yi wata guda kina aiki da sabuwar."