Gawo ko darbejiya, wanne zai zauna lafiya da gero?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka dasa a gonar da kake noma gero da wake, gawo ko darbejiya. In a tsakiyar gona ne, gawo zan ce maka, kuma dalilin yana wajen saiwa.

Manyan saiwoyi riƙe itace suke yi. Masu shan ruwa da taki su ne siraran nan da kaurinsu bai kai milimita 2 ba. Ka kafta fartanya kusa da gindin darbejiya da damina, za ka ga sun saƙa ƙasar sama kamar zare, daidai inda saiwar gero take neman abinci. A lokacin ne kuma darbejiya take cike da ganye, tana jan ruwa da ƙarfinta. Shi ya sa geron da ke kusa da ita yake fitowa siriri, zangarniyarsa ƙarama.

Shi gawo akasin haka yake yi. Da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganyensa, ya yi ta hutu har kaka, don haka ba ya wawason laima da shuka, ba ya kuma tare mata rana. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin da gero ke buƙata. Uwar saiwarsa tana nutsawa har ta kai ruwan ƙarƙashin ƙasa, a jikin ƙananan kuma akwai ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zama ciki suna kama naitirojin daga iska, sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari a gindi. Dubi geron gindin gawo a ƙasar Damagaram, ya fi na sarari duhun kore.

Ban ce darbejiya ba ta da amfani ba. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun 1975 aka fara jera ta don tare iska, kuma ta yi aiki. Sai dai can ruwan ƙasa yana kusa, itacen yana sha daga ƙasa. A Sadore kusa da Yamai, inda ruwa ke da zurfi, masu bincike sun tarar ruwan sama take rabawa da gero. Saboda haka ka fara duba zurfin rijiyar garinku.

In rijiyar mai zurfi ce, ka ajiye darbejiya a iyakar gona ta gefen gabas, ka haƙa rami tsakaninta da shuka kafin damina ka datse saiwoyin da suka miƙo, ka kuma rage mata rassa. Gawo yana da jinkirin girma a shekarun farko, awaki kuma ba sa raga masa, sai ka kewaye shi da ƙaya. In akwai wanda ya tsiro da kansa ko tohon tsohon kututture, ka bar shi lokacin sassabe, ya fi dashe saurin kamawa.