Baseball-Reference: shafin da nake buɗewa idan musun Judge da Raleigh ya tashi

Wanda duk ya zauna a Bronx, ko bai taɓa riƙe sandar besbol ba, ya san sunan Aaron Judge, ɗan wasan New York Yankees. Ni tasi nake tuƙawa a New York, kuma rediyon mota ne ya koya mini wasan nan a hankali, har ya shiga jinina. Da aka bayyana gwarzon ɗan wasa na 2025 na American League, ɗaya daga cikin rukunai biyu na babbar gasar besbol ta Amurka, a watan Nuwamba, Judge ya samu ƙuri'ar farko 17 daga marubutan wasanni masu zaɓen, Cal Raleigh na Seattle Mariners ya samu 13, maki 355 da 335. Tun ranar musu bai kwanta ba a wurin da direbobi muke jiran fasinja kusa da filin jirgi. Shafin Baseball-Reference ne makamina a wannan musu, shi ya sa nake son in faɗa wa 'yan'uwa abin da yake iyawa da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Shafin kyauta ne. Wani malamin lissafi, Sean Forman, ya kafa shi a shekarar 2000, kuma kamfaninsu ne ke da FBref da masu bin ƙwallon ƙafa suka sani. Alƙalumansa sun koma har 1871. Ka rubuta sunan ɗan wasa, nan take jadawali zai fito, kowace shekara da layinta. Abin da ya fi burge ni ƙaramin abu ne: duk lambar da ɗan wasa ya fi kowa a rukuninsa a shekarar, ana rubuta ta da baƙi mai kauri. Layin Judge na 2025 cike yake da irin wannan baƙin. Sai in miƙa wa mutum waya kawai in ce, "Malam, duba da idonka." Gani ya kori ji.

Ga abin da zai gani. Judge ya buga .331, wato a kowane zuwa bugu dubu zai dace sau 331, kuma babu wanda ya kai shi a shekarar. Ya yi hom-ran 53, bugun nan da ƙwallo ke tsallake katanga. Idan aka haɗa da lokutan da masu jifa suka ƙi ba shi ƙwallo mai kyau har ya taka zuwa sansanin farko, wato zangon farko da mai bugu ke neman isa, yawan isarsa sansani ya kai .457. Raleigh kuwa .247 ya buga, isarsa sansani .359. Amma ya yi hom-ran 60, bugunsa kuma ya jawo wa ƙungiyarsa ci 125, mafi yawa a rukunin. Shi mai cafke ne, wato wanda ke tsugunawa bayan mai bugu yana cafke ƙwallon da aka jefo. Kafin shi, mafi yawan hom-ran da mai cafke ya taɓa yi a kaka ɗaya shi ne 48 na Salvador Perez a 2021. Ya wuce 54 na Mickey Mantle na 1961 a cikin masu iya bugu ta dama da ta hagu, ya wuce 56 na Ken Griffey Jr. a tarihin Mariners, kuma ƙungiyarsa ta ɗauki rukunin yamma karon farko tun 2001. Duk waɗannan, taɓawa biyu ko uku za ta kai ka gare su.

Wani dattijo a cikinmu, mutumin zangon Kumasi da ya riga mu duka zuwa ƙasar nan, yakan ce filin Yankees ne ke taimakon Judge, filin Seattle kuma yana danne masu bugu. Shafin yana da amsar wannan. Akwai ma'aunin da ake kira OPS+, wanda ke cire tasirin fili, ya sa matsakaicin ɗan wasa a kan 100. Na Judge ya haura 200, na Raleigh yana wajen 170. Na ce masa, "Baba, an riga an yi wa Raleigh adalcin fili a wannan lissafi, kuma tazarar tana nan." Ya yarda da wannan, amma bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma dalilinsa na biyu, wato aikin Raleigh na mai cafke, ya fi na farko nauyi.

A nan ne mai amfani da shafin ya kamata ya yi hattara. A saman shafin kowane ɗan wasa akwai lambar WAR, wadda ke ƙoƙarin faɗin nasara nawa mutum ya ƙara wa ƙungiyarsa fiye da abin da ɗan cike gurbi zai kawo. A nan Judge yana kusa da 10, Raleigh ya ɗan haura 7. Wanda ya tsaya a kan wannan zai ce ai babu ma abin musu. Sai dai lissafin wannan shafi ba ya ƙirga wata gwaninta ta mai cafke. Ka lura da shi a talabijin: yana tsugune, ƙwallo ta taho a guje tana shirin fita gefen inda aka halatta, sai ya tare ta da safar hannunsa daga waje, ya janyo ta ciki da ɗan motsin wuyan hannu, ya daskare kamar tun farko nan ta faɗo. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu, an ci mai bugu. Raleigh gwani ne a wannan. Shafin FanGraphs yana ƙirga ta, shi ya sa a can Judge ya ɗan haura 10, Raleigh kuma ya haura 9. Tazarar da ta fi nasara biyu ta koma kusan ɗaya.

Kuma akwai abin da babu jadawalin da zai ɗauka. Mutumin nan ya tsuguna bayan mai bugu a wasa sama da 120, ƙwallo tana dukansa a yatsu da gwiwa da ƙirji, shi ne kuma ke tsara wa masu jifa irin ƙwallon da za su jefo, sannan ya tashi ya buga 60. Ina ganin wannan ne ya ja hankalin marubuta 13 ɗin nan, kuma ban ga laifinsu ba. Duk da haka, da an ba ni takardar zaɓe, Judge zan rubuta a sama. A wannan wasa kowace ƙungiya, a bisa al'ada, da an fitar da masu bugunta sau 27 damarta ta ƙare, kuma mutumin da ke isa sansani kusan rabin zuwansa yana adana wa ƙungiyarsa abin da ya fi komai tsada. Ya yi hakan duk da ciwon gwiwar hannun da ya same shi a ƙarshen Yuli.

Sashen kyaututtuka shi ma yana da amfani. Yana jera sakamakon zaɓen kowace shekara, wanda marubuta 30 ke yi, biyu daga kowane birni, kafin a shiga wasannin neman kofi, da maki 14 ga wanda aka sa a farko. Ka buɗe 2022, za ka ga Judge mai hom-ran 62 ya ɗauki ƙuri'a 28, Shohei Ohtani da ya buga 34 kuma ya yi nasara 15 a matsayin mai jifa ya tashi da 2.

Shafin da Turanci yake, kuma gajerun haruffa sun yi masa yawa, don haka sabon shiga zai ɗan sha wuya kafin ya saba. A kwamfuta ya fi daɗi, domin kana ɗora kibiya a kan sunan ma'auni bayaninsa zai fito. A waya dole ka riƙa jan jadawali gefe da yatsa. Suna da sashen biya mai suna Stathead na masu bincike mai zurfi, irin wanda ɗan jarida ko mai shirin rediyo zai buƙata. Mai musu irin namu na kyautar ya ishe shi, muddin zai buɗe FanGraphs a gefe duk lokacin da mai cafke ya shigo maganar.