Maɓallin Sauti na Amfilifaya: Wane Iri Ya Dace da Gida a Sakkwato?

Mai sayen amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika, yakan fara tambayar ƙarfinta wat nawa ne, ba kasafai yake kula da maɓallin da zai riƙa murzawa kullum ba, alhali duk sautin da zai isa sifika sai ya ratsa ta cikinsa.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne fotenshiyomita, wanda masu gyara ke kira boliyum, inda wani siririn ƙarfe ke gogar layin kabon yayin da ake murzawa. A sitiriyo layukan biyu ne, na hagu da na dama, kuma a mai arha ba su cika daidaituwa ba idan an yi ƙasa da sautin sosai, sai ka ji sifika ɗaya ta rinjayi 'yar'uwarta. Wannan aibin ya fi damun mai sauraron karatu ko tafsiri da dare, lokacin da iyali suka kwanta, domin a daidai nan yake ajiye maɓallin. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda duk Basakkwace ya san ba ƙofar da ke tare ta. Da zarar ta shiga tsakanin ƙarfen da kabon, sai maɓallin ya fara ƙarƙar-ƙarƙar, wani lokaci ma ɓangare ɗaya ya ɗauke. Saboda haka rufaffen boliyum, irin RK27 na kamfanin Alps na Japan, ya cancanci ƙarin kuɗinsa a garinmu fiye da yadda zai cancanta a gari mai laima. Amfanin boliyum dai shi ne kusan kowane mai gyaran rediyo zai iya canja shi.

Akwai kuma maɓalli mai matakai, wanda aka jera masa resistoci, wato ƙananan kayan da ke rage ƙarfin lantarki, sau da yawa mataki 24, kowane da ƙimarsa tabbatacciya. Hagu da dama suna tafiya daidai, amma yana da tsada, kuma wani sa'in ƙarar da kake so takan faɗa tsakanin mataki biyu.

A ganina, wanda ya fi dacewa da yawancin gidaje shi ne mai ayisi (IC), wato ɗan ƙaramin guntun lantarki da ke sarrafa sautin, kamar PGA2311 na kamfanin Texas Instruments, mai hawa da sauka da rabin desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Sautin ba ya bin wani layi da ake gogawa, saboda haka ƙura ba ta sa shi ƙara, kuma yana aiki da rimot. Sai dai idan wuta ta ƙona ayisin, samun madadinsa yakan ɗauki lokaci.

Rage sauti ta lissafin dijital kuwa, duk desibel 6 da aka rage kamar an zubar da bit ɗaya ne daga bit 16 na faifan CD, wato lambobin da ke ɗauke da bayanin sautin, shi ya sa na'ura mai lissafi da bit 24 ko 32 ta fi aminci. Mai haɗa wayar salula da amfilifaya ta Bluetooth gara ya ɗaga sautin wayar kusan ƙarshe, ya rage a amfilifayar.

Kafin ka biya, ka nemi mai shago ya kunna muryar mutum ɗaya, ka tsaya tsakiyar sifikun, ka yi ƙasa da maɓallin a hankali har sautin ya kusa ɓacewa. Idan muryar ta karkata gefe guda, ko ka ji ƙarƙar, ka ce a ɗauko wata.