Wane kebul ya dace ka saya don haɗa waya da rediyon mota ko amfilifayar gida?

Duk wanda ya shiga Zongo Lane ko shagunan da ke kewayen Circle a nan Accra yana neman abin da zai haɗa wayarsa da rediyon mota, ko da amfilifayar da ke falonsa, abubuwa huɗu za a baje masa a kan tebur: kebul mai filogi, na'urar Bluetooth, na'urar da ke aika sauti ta zangon FM, da kuma kaset mai jela, wato kaset mai kebul da ake sakawa a ramin kaset na rediyo a jona kebul ɗin da waya. Ra'ayina a fili yake: matuƙar rediyon yana da ramin da aka rubuta wa AUX, kebul mai kyau ya fi sauran ukun, kuma shi ne mafi araha a cikinsu.

Dalilin fifikonsa shi ne sautin yana tafiya kai tsaye daga waya zuwa rediyo, babu batirin da zai mutu a tsakiyar karatu ko wa'azi, babu kuma wata tashar da za ta kutso ciki. Filogin da aka fi amfani da shi kaurinsa milimita 3.5 ne, kuma kafin ka biya kuɗi ya kamata ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Mai zobe biyu shi ne ke ɗaukar sautin hagu da na dama, shi ne kuma ake so. Mai zobe uku an yi shi ne domin na'urar kunne mai makirufo, kuma ba kowane rediyo ne yake zama da shi lafiya ba, yayin da mai zobe ɗaya yakan bar lasifika guda shiru. A gida, kebul ɗin da ake bukata shi ne mai wannan filogi a ɓangare ɗaya da filogi biyu na RCA a ɗaya ɓangaren, ja na dama, fari na hagu. Sai a soka su a ramukan AUX ko CD ko TAPE da ke bayan amfilifaya, a guji wanda aka rubuta wa PHONO, domin an tanade shi ne don raunannen sautin allurar garmaho, idan waya ta shiga nan sautin zai fashe ya cika da ƙugi. Masu kula da kayan sautin masallaci ko na biki kuwa sukan bukaci babban filogi mai milimita 6.35.

Tun da kamfanin Apple ya cire ramin na'urar kunne daga iPhone 7 a shekarar 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, ya zama dole masu sababbin wayoyin da ba su da wannan ramin su sayi ɗan gajeren mahaɗi daga USB-C zuwa 3.5. Iri biyu ne: akwai mai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki wadda ke mayar da bayanan dijital su zama sauti, akwai kuma wanda zaren waya ne kawai, kuma wayoyi da yawa, har da na Samsung, ba sa aiki da na biyun. A ido kamanninsu ɗaya, saboda haka a jarraba a shago.

Na'urar Bluetooth ba ta da laifi ga wanda ba ya son ganin kebul, sai dai ita ma tana cin caji. Ta FM kuwa ɓata kuɗi ce a birnin da tashoshi suka cika zangon daga 87.5 zuwa 108, balle ga motocin da aka shigo da su daga Amurka, waɗanda rediyonsu ke tsallake rabin lambobin. Kaset mai jela a bar wa tsofaffin trotro, wato motocin haya.

Abin da ya kamata mai saye ya fi tsoro shi ne jabu, domin kasuwar ta cika da shi. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da kebul mai kauri, bakinsa na ƙyalli kamar zinariya, yana rantsuwa cewa jan ƙarfe ne zalla. Bai daɗe ba kunne ɗaya ya ɗauke, da mai wayarin mota a Abossey Okai ya yanka shi sai ga roba ce ta cika kaurin, zaren da ke ciki 'yan ƙalilan ne, kuma babu saƙar ƙarfen da ke kewaye zaren don tare hayaniyar lantarki. Wannan saƙar ita ce bambancin kebul na gaske da na bogi, ita ce kuma mai saye ba ya gani. Wasu zaren alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe, yana saurin karyewa kuma ba ya kama dalma da kyau idan an zo gyara. Wasu baƙin ƙarfe ne aka rina, wannan ɗan maganaɗisu yana tona asirinsa, tunda jan ƙarfe na gaske ba ya manne wa maganaɗisu. Ruwan zinariyar bakin filogi ma sau da yawa launi ne kawai, kuma iskar teku mai gishiri da ke kaɗawa a Accra ba ta ɗaukar lokaci kafin ta sa shi tsatsa. Sunan babban kamfani a jikin kwali ba hujja ba ce, domin buga kwali ya fi komai sauƙi. Ka sa a kunna sauti a gabanka, ka lanƙwasa kebul ɗin daidai wuyan filogi a kowane ɓangare, ka juya filogin a cikin rami, idan ka ji ƙaras-ƙaras ko kunne ɗaya ya yi shiru ka ajiye shi, komai rantsuwar mai shago. Kada kuma ka sayi tsawon da ya wuce bukata, mita ɗaya ya isa a mota.

Akwai wata ƙara wadda ba laifin kebul ba ce, amma masu shago sukan fake da ita su sayar maka da sabo. Idan kana cajin waya a mota tana haɗe da AUX, ka ji wani siririn kuka da ke ƙaruwa duk lokacin da ka taka totur, hayaniyar altanetar mota ce ke shigowa saboda wayar ta haɗu da lantarkin motar ta hanya biyu, ta caja da kuma ta rediyo. Zare cajar zai tabbatar maka da haka nan take. Maganinsa ɗan akwati ne mai ƙananan taransifoma biyu da ake sakawa tsakanin waya da rediyo, sai dai masu arahar cikinsu suna rage ƙarfin ganga, don haka shi ma a saurare shi a cikin motar, inji yana aiki, kafin a biya.