Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar, wanne za a fara ba yaro?

Hajiya kin ce cikin littattafan da muka karanta da, wanne za ki fara saya wa yaronki ɗan aji ɗaya na sakandare, Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar. To ga nawa ra'ayin, wasu ma sai su ƙara.

Ai su biyun haihuwarsu ɗaya, daga gasar rubutun da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933 suka fito, aka buga su a 1934, kuma Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja da Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar duk Kwalejin Katsina suka yi, duk suna koyarwa, ba su daɗe da haura shekara 20 ba a lokacin. Amma fa halin littattafan ko kusa bai zo ɗaya ba.

Ruwan Bagaja dariya ce zalla da yawon duniya. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, sai ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya cuci wancan gobe wancan ya rama, kafin ki gama dariyar wata wayon an shiga wata, ga aljannu ga garuruwa ga Hausa mai zaƙi kamar mutum na zaune gabanki yana zuba. Yaron da ko littafin makaranta sai an matsa masa, wannan in ya buɗe sai kin ƙwace kafin ya je aike. Abin da kawai zan ce, akwai zamba da sharri irin na 'yan duniya a ciki sosai, ki riƙa yi masa bayani.

Shaihu Umar kuwa, tab. Wannan ba ya gudu, a hankali yake tafiya, malami ne, shi Shaihu Umar ɗin, zaune a Rauta nan ƙasar Bauchi almajiransa sun tambaye shi asalinsa yana ba su labari. An yi wa mijin uwarsa Makau sharri a fada an kore shi, an sace Umar yana ƙarami, daga hannu zuwa hannu har wani Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar ya ba shi ilimi. Ni da nake yaro ɓarawon nan da ya sace Umar kura ta kama shi kaɗai na riƙe, sai da na girma na haihu na sake karantawa sannan na ga ashe nauyin littafin duk a kan uwar yake, mace ta bar gida neman ɗanta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa aka ƙetare hamada da ita, ta wahala iya wahala, kuma da Allah Ya haɗa su ba ta jima ba ta rasu. Wallahi Hajiya wajen nan ba na iya wuce shi da bushewar ido. Kuma cinikin bayin nan ba tatsuniya ba ce, a ƙasarmu aka yi shi, da hannun mutanenmu, marubucin bai ɓoye ba.

Shi ya sa na ce ki fara da Ruwan Bagaja, ya fara son karatun Hausa tukun, bakinsa ya saba. Shaihu Umar ya fi min daraja nesa ba kusa ba, amma yaro mai shekara 12 zai iya cewa ba daɗi ya ajiye, shi ke nan ya ƙi shi har girma, wannan nake gudu. Ki bari kamar shekara ɗaya, ku karanta shi tare bayan isha'i babi babi, sannan tunda a garin Bauchi muke ki kai shi kabarin Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ya ga littafin da ke hannunsa mutumin nan ne ya rubuta tun kafin siyasa.

In za ki saya a wajen masu littattafan kasuwar Wunti ki duba shafukan da kyau, wani bugun yana zuwa rubutu dishi-dishi ko wani shafin babu.