Sharhi: Na kai tsohuwar sandar fatsata ta Hardy wurin mai tantancewa

Kuɗin da na biya a duba mini sandar nan bai tafi a banza ba, duk da cewa labarin da na samu ba duka ne mai daɗi ba. Sandar fatsa ce ta gora, ƙirar kamfanin Hardy na garin Alnwick a arewacin Ingila, wanda aka kafa a 1872. A gwanjo na saye ta, da sunan Palakona rubuce a jikinta, sunan da kamfanin ke sa wa sandunansa na tsagaggen gora. Mai sayarwa ya ce komai nata na asali ne. Ni kuwa na fi son in ji daga bakin wanda ba shi da riba a cinikin.

Wanda na samu wani dattijo ne mai gyaran irin waɗannan sanduna, yana kuma karɓar aikin tantancewa. Iri biyu yake yi: ko ka aika hotuna, ko ka kai masa hannu da hannu. Na fara da hotuna. A nan abin da ya iya faɗa kaɗan ne. Ya nemi hoton lambar da aka buga a ƙarfen gindin sandar, mai farawa da harafin E, ya duba jadawalin lambobin Hardy, ya ce gindin na shekarun 1930 ne. Iyakar abin ke nan, kuma bai ɓoye mini ba cewa lamba shekarun gindi kawai take faɗa, ba ta rantse wa sauran gaɓoɓin, don sandar gaɓa uku ce da ake haɗawa.

Da na kai ta shagonsa ne na ga aiki. Ita irin wannan sanda ba gora ɗaya ba ce. Tsaga gorar ake yi, a fere tsinke shida masu kusurwa uku, a manne su da gam su ba da fuska shida. Gorar da aka fi so ita ce Tonkin, daga kudancin Sin. Kafin ita ta Kalkata ake amfani da ita, wadda sau da yawa ake gane ta da tabon ƙuna a jiki. Kowane maƙeri da yadda yake jera ƙullin gorar don kada biyu su haɗu wuri ɗaya su raunana sandar. Wannan jeri dattijon ya bi da yatsa, gaɓa bayan gaɓa. Gindi da tsakiya suka dace da juna. Gaɓar kai ta saɓa: jerin ƙullinta daban, launinta ya fi haske, kuma da ya jera ukun a kan tebur sai ga ta gaza sauran tsawo, alhali daidai ake yanka su.

Sai zaren da aka naɗe zobban da igiyar fatsa ke bi ta ciki da shi. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma ya nuna mini cewa na gindin siliki ne, na kan kuma nailan, wanda bai shiga wannan sana'a ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wato wani ya karya kan, aka yi mata sabo daga baya. Rubutun tawada da ya kewaye gindin na asali ne, amma an sake shafa banish a kansa, har ya taru a gefen naɗin. Zoben farko mai dutsen aƙiƙ a ciki bai tsage ba. Ya haɗa ƙarafan mahaɗin ya zare, suka yi ƙara mai tsabta, alamar ba su saki ba. Ya kuma lanƙwasa kowace gaɓa a hankali kusa da kunnensa, yana sauraron ko gam ya saki, domin gam ɗin wancan zamani na fatar dabba ne, danshi yana cin sa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ya raba darajar mai tarawa da darajar masunci. Ga mai tara kayan tarihi, sauya kan ya rage mata kuɗi sosai. Ga wanda zai shiga rafi da ita kuwa lafiyarta ƙalau, wanda ya yi gyaran ma ya san hannunsa. Ya kuma faɗa mini kai tsaye cewa sandunan Ingila da Sikotlan ya sani, irin su Hardy da Allcock da Sharpe's. In Leonard ce ko Payne ta Amurka, in nemi wani. Wannan ya ƙara mini yarda da shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne takardar da ya ba ni. Bayanin baki ya cika ya batse, amma a rubuce layi kaɗan ne, babu hoto, babu awon gaɓoɓin. Ranar da zan sayar, mai saye takarda zai nema, ba abin da na ji da kunnena ba. Jiran layi ma ya yi tsawo, don shi kaɗai ne a shagon.

Wanda zai kai tasa, ya haɗa da jakar yadinta da kwalin da ta zo a ciki in akwai, don su ma shaida ne. Kada kuma ya goge ta da komai kafin a duba. Ya roƙi a rubuta tsawon kowace gaɓa a takardar tun kafin ya biya.